Buhu Sittin na Talle Magini

Talle magini ne ɗan magini, mutumin Baudeta. Ban da cokalin gini da igiyar awo, abu ɗaya ya mallaka a duniya, wato suna. In aka ce ɗaki ginin Talle ne, mai shi sai ya yi barcinsa ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Laifinsa guda, yana son a faɗa a gabansa. Yaba masa kusurwar bango, ya yi maka ragin lada.

Shekarar farin tamanin da huɗu hatsi bai yi ba, kuma wanda rumbunsa ke fayau ba ya neman magini. Talle ya tattara ya koma Tasawa, inda mutum ɗaya tak ke gini, Alhaji Na Allah. Kowa ya san tushen arzikin: hatsin agaji ne ke hawa kamiyo, babbar motar kaya, ya tsallaka iyaka. To amma zamanin soja ne, mai kuɗi sai ya nuna inda ya samo su. Shi ya sa Alhaji ya jera gidaje tara, ba mai kwana ciki sai jemagu, a takarda kuwa kowane da ɗan haya. Ya kuma sayi ƙungiyar ƙwallon 'yan tasha mai suna Damisa. Ranar wasa a buɗe ƙofa kyauta, washegari a ce an sayar da tike dubu uku. A garin da ake cin dusa, don Allah wa zai sayi tike?

Aka ba Talle ginin mazaunin 'yan kallo, matakala takwas. Manzo, wakilin Alhaji, ya sauke masa siminti buhu sittin.

"Manzo, wanga ko rabi ba ya kaiwa," in ji Talle. "Mutane hwa za su hau bisa."

"Kai dai ɗora, Baba Talle. Wa ya ce maka abin da za shi daɗe ake biɗa?"

Maganar ta ci masa rai ƙwarai. Shi za a ce wa ya yi ginin da ba zai daɗe ba? Sai ya koma ga aikin ubansa. Ya cika cikin matakalar da tubalin laka, ya daka makuba ya shafe, simintin ya adana shi don gefuna da wurin taka ƙafa. Ruwa ya yi tsada, amma da jakin aro yake jido shi daga rijiya yana shayar da ginin safe da yamma. Wata uku yana wannan fama. Kowace Juma'a Manzo ya miƙo takarda da Faransanci, Talle ya dangwala yatsa ya karɓi ladansa, don shi bai shiga lakwal, makarantar boko, ba.

Ranar buɗewa mutane suka cika matakalar suna tsalle, ko tsaga ba ta yi ba. Maroƙa suka wasa Alhaji, suka wasa mai tsaron raga, har jakin ma wani ya tuna da shi cikin raha. Sunan Talle ko sau ɗaya bai fito ba. Ya koma masauki yana cizon yatsa.

Bayan wata biyu wani kapiten ya zo daga Maradi da jandarmomi, ana binciken masu kuɗin dare ɗaya. Ya zaga ginin, ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ya gyaɗa kai.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Tambayar da Talle ke jira ke nan tun ranar buɗewa. Ya ratso mutane yana gyara hula. "Ni ne, ranka shi daɗe."

"Bon. Buhu nawa ya ci?"

Manzo na ta ƙifta masa ido, amma ina, yabo ya riga ya rufe masa gani.

"Sittin cif! Wani magini ko ɗari ukku ba su isa mai."

Kapiten ya buɗe takardun da Alhaji ya ba shi. "Nan an ce ɗari huɗu ka amsa. Ga yatsanka, sati sha biyu. Ina sauran?"

Alhaji ya tafa hannu ya yi salati, ya ce amana ta ƙare a duniya. Har tausaya masa aka yi! Talle ya rantse, ya kuma rantsewa, amma bakinsa da yatsansa sun riga sun ba da shaida a kansa. Ya yi wata goma a gidan kaso.

Da ya fito ya koma Baudeta. Ba wanda ya ce masa ɓarawo a fuska, aiki ne dai ya daina zuwa. Ana nan sai katangar Lauratu, ɗiyar ƙanwarsa, ta zube, ta aika a kira shi. Ya tafi da murna, har da wanke riga. Ya tarar ta sayi siminti buhu biyu. Suka gaisa, ta kawo masa fura, sannan ta shimfiɗa zane bisa buhunan ta zauna.

"Ɗiyata, rana na dukanki. Ki shiga inuwa mana."

"Ba komi, Kawu," in ji ta, idonta a ƙasa. "Nan ma ya yi mini."

Ba ta tashi daga kan buhunan sai in zai ɗiba, kuma ba ta bar wurin ba har ya gama.