Kalmar da Gwaggo Ke Tsoro

Shekara goma sha tara gwaggona ta yi tana buga sakamakon gwajin jini a wani ɗan ɗaki bayan asibiti. Turancinta bai taka kara ya karya ba, amma ta san kalmomi uku da likitoci ke rubutawa idan wani abu ya hau a jinin mutum. Ta farko da sauƙi, magani kawai za a sha. Ta biyu sai an ba da gado. Ta ukun, doguwar nan, masu ita ba sa dawowa karɓar takarda ta biyu. In ta gan ta, sai ta yi salati kafin ta buga.

Wata Talata ta ɗauko takarda, ga sunan mijinta a sama, ga doguwar kalmar a ƙasa. Sau huɗu tana bugawa tana gogewa.

A gida ya tarbe ta da zolaya. "To, likitar gidanmu, me suka ce?"

Ta miƙa masa ambulan, idonta a ƙasa. "Ka san ni, Malam. Bugawa kawai nake yi, ba jin Turanci nake ba."