Man Kaɗanya a Ƙotar Bindiga

Jiya a wani shago a titin Fordham Road, a nan ƙasar waje, aka buɗe bokitin man kaɗanya a gabana, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shekara guda ke nan da rasuwarsa.

Ɗan maharbi ne, amma tasi ya tuƙa a garin nan har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya rage masa na gida shi ne tsofaffin bindigogin toka da yake saye wurin masu kayan tarihi. Bai taɓa harba ko ɗaya ba. Duk Juma'a yakan zauna a ɗakinsa na unguwar Tremont yana murza wa ƙotarsu man kaɗanya da tafin hannu, yadda mahaifinsa ke yi.

Da ciwo ya tsananta, dole ta sa ya kira wani Bature mai sayen irinsu. Mutumin ya ɗauki mafi tsufarsu, ya shinshina, ya ce zai wanke wannan maiƙon kafin ya sa ta a kasuwa.

Kawu ya miƙa hannu, ya karɓe ta.

"Kwashi sauran," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Ɗana, wannan ƙanshin hannun babana ne. Kada ka bari ta bushe."

Tana nan bayan ƙofata. Jiya na sayo man, amma har yanzu ban iya buɗe ledar ba.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu, Ya haɗa ka da mahaifinka cikin rahama.