Rumbun Irin Ubale Sarkin Noma

A ƙauyenmu, can bayan Ɗanzomo, gidaje ba su fi arba'in ba, amma masu sarauta sai ka gaji da gaisuwa. Ga Dagaci, ga Sarkin Pawa wanda akuya ɗaya yake yankawa daga kasuwa sai kasuwa, ga Sarkin Maƙera, ga Sarkin Aska, ga Korama mai kula da masu awon hatsi, ga Ardo a rugar bayan gari. Kowannensu da jama'ar da yake tsawata wa, kowannensu da ɗan abin da yake lasa. Wanda sarautarsa ta ci shi da ransa ɗaya ne, kakana Ubale Sarkin Noma. A hannunsa na tashi, kuma har yau da furfurata ban san ko na yafe masa ba.

Ba gado ya yi ba. A wurinmu sarautar noma sai wanda ya ɗaure dami dubu a damina ɗaya, ya tara mutane suka gani da idonsu, ya rabar. Kakana gajere ne, tafin hannunsa kamar faifai, ba ya hira, ba ka ganin haƙoransa sai gero ya fid da kai. Shekarar da Turawa suka zo kafa alamun iyaka ta wajen Maigatari ya cika dubunsa. Aka yi kiɗa, aka naɗa shi, Dagaci Hussaini ya miƙa masa hauya mai jar ƙota. Daga ranar shi ke kiran gayya, shi ke raba rigimar iyakar gona, kuma ba mai jefa ƙwaya a ƙasa sai ya fara.

Bayan shekara shida ruwa ya ɗauke, gero ya bushe yana iya gwiwa. Ita ce yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba. Da Dagaci ya ga mutane sun fara taɓa iri, sai ya tara masu sarauta aka yi shawara. Kowane gida ya kawo irin da ya rage masa a cikin tukunyarsa, a jera su a rumbu ɗaya, a liƙe bakin rumbun da laka.

"Sarkin Noma," in ji Dagaci, "amanar gari ce a hannunka. Ba a fasa lakar nan sai ruwan shuka ya sauka."

"Ranka ya daɗe, na karɓa."

Da ya san abin da ya karɓa!

Rani ya yi nisa. Sarkin Pawa ya rataye wuƙarsa, shanun Ardo suka zube ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka koma sussukar ƙarangiya da tona gidan tururuwa, ko a dace da 'yan ƙwayoyin da suka ɓoye. Gidaje suka riƙa tashi suna yin kudu, wasu ba su ko kai Gumel ba. Kakana kuwa ya shimfiɗa tabarma a gindin rumbu. Sarkin Aska ya zo da hawaye yana roƙon tukunyarsa, tasa ta kansa, ya koma hannu biyu babu komai.

A lokacin ne mahaifiyata Lauratu ta dawo gida goye da ni, ina wata huɗu. Mijinta ya tafi Kano neman abinci, shiru. Ita ce 'yar farin kakana, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya haɗa ido da ita, in yana da magana sai ya bi ta kan kakata Sabuwa. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma shi ya riƙe ta fiye da kowa.

Kakata ce ta fara zuwa.

"Maigida, nonon yarinyar nan ya ƙafe. Ba ta iya miƙewa."

"Iri ne, Sabuwa."

"Na san iri ne. Ita kuma 'yarka ce."

Sai ya miƙe tsaye. Ya ɗauki hauyarsa ta sarauta ya shiga daji, ya wuni yana tona gidan tururuwa har faratansa suka ɗaye. Ya dawo da abin da bai cika ludayi ba, rabinsa yashi. Ko ƙwaya bai sa a bakinsa ba, wannan kam kakata ta shaida masa.

Rana ta uku mahaifiyata ta ajiye kunya. Da rarrafe ta iso gindin rumbun, kakata na biye da ita.

"Baba, ba don ni ba, don wannan da ke bayana. Gidan Barau sun tafi tun da sanyi, kowa ya ce sun ƙare a hanya. Tukunyarsu tana ciki. Cikin tafi ɗaya, Baba, a dama kunu."

Ya juya fuskarsa ga jikin rumbu. Ko a nan bai yi mata magana kai tsaye ba.

"Sabuwa, gaya mata, in Barau ya dawo me zan ce masa? In na fasa laka yau saboda nawa, gobe gari duka zai zo. Da wane baki zan hana?"

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar nan ce nake jin haushi. Mahaifiyata ta rasu ranar Alhamis da hantsi. Wata Bafulatana, Adda, da akuya ɗaya ta rage mata, ita ta ɗauke ni ta riƙa ɗiga mini madara a baki. Kwana tara bayan nan hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa har ƙasa ta jiƙa kamu guda.

Da safe aka taru, kakana ya fasa lakar da hannunsa. Dagaci yana kiran gidaje, ana miƙa wa kowa tukunyarsa. Gida ashirin da biyu suka amsa. Sauran tukwanen suka yi jere a ƙasa, ba mai ɗauka.

"Sarkin Noma," in ji Dagaci a hankali, "masu waɗannan ba za su dawo ba. Ka raba yadda ka ga ya dace."

Kakana ya durƙusa gaban tukunyar Barau, ya buɗe. Cike take har wuya, ko ƙwaro bai taɓa ta ba. Ya nutsa hannunsa a ciki, ya ɗago tafi guda, ya tsaya yana kallo. Sai ya ce, "Lauratu." Kakata ta ce tun ranar suna ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ya sake kira da ƙarfi, kamar mai jiran a amsa daga cikin ɗaki, har maza suka sunkuyar da kai.

Da wannan irin aka shuka garin, har da gonakin da suka rasa masu su. Duk tuwon da na ci a rayuwata daga rumbun nan ya fito, na sani. Mutane suna cewa ba don Sarkin Noma ba da garinmu ya zama kufai, ni kuwa sai in yi shiru.

Ya ƙara shekara goma sha biyu a duniya, bai sake kiran gayya da kiɗa ba. Amma kullum kafin ya fita gona, ko da rumbuna a cike suke, ko da na riga na karya, sai ya kira ni, ya ɗebo gero da tafinsa ya zuba mini a ƙwarya.

"Rahamatu, kai wa kakarki ta dama miki kunu."

Tafi ɗaya, kullum, har ranar da ya kwanta.