Kariyar Kaka

Ƙamshin furen lalle idan ya gamu da jiƙaƙƙiyar ƙasa, har yau yakan mayar da ni yammacin da malamarmu ta zo gidanmu a unguwar Rusaifa.

Lokacin makarantun 'yan mata ba su daɗe da buɗewa a Makka ba. An ce kowa ta rubuta abin da ta fi so a gidansu, ni kuwa na rubuta lambun Kaka. Na ce muna da furanni ja da fari masu dariya a tsakiyar bazara, sa'ad da duwatsu ke huci. Ban yi nufin ƙarya ba, haka idona yake ganinsa. Malamar, wata 'yar Sham da muke kira Abla, ta sa na karanta a gaban aji. Ta ce duk abin da ta shuka a gefen katangar makaranta rana ta ƙone shi, za ta zo ta zaɓi irin da ba ya mutuwa.

Sai da ta tsaya a tsakar gidanmu da farin takalminta na ga lambun yadda yake. Gwangwanayen man girki na samna ne masu tsatsa a jere jikin bangon kwano: lalle, ɗoɗɗoya, da kariya mai kumburarren gindi, ba ganye sai furanni a kan tsirarun rassa. Akuyarmu na ɗaure kusa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ruwa saya muke yi wurin masu ɗauka a kafaɗa, don haka dokar Kaka ita ce kowa ya yi alwala a kan shukokin. Ana kiran la'asar ta miƙa wa Abla buta, ta nuna mata gwangwanin lalle.

"Kaka, baƙuwa ce fa," na ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"To, uwar iyayi, baƙuwa ba ta salla ne? Ce mata ta matsa, ruwan na zuba a banza."

Abla ta tattare rigarta ta tsuguna, tana wanke hannu a kan lalle, akuya na leƙen ta. Da ta idar ta nuna ɗoɗɗoya. Kaka ta girgiza kai, ta ce wannan 'yar gata ce, kwana kaɗan ba ruwa ta kwanta. Ta dafa kariya. "Wannan ko an manta da ita shekara, za ta yi fure. Faɗa mata."

Ban faɗa ba. Na ce zan dafa shayi, na gudu madafa, na daɗe ina hura gawayin da ya riga ya kama. Ina jiyo Kaka tana ta fama da guntun Larabcinta, Abla na dariya. Na ɗauka mu take yi wa. Da na fito, Abla na riƙe da rassan kariya a naɗe cikin tsumma. Ta shafa kaina ta tafi.

Kullum da safe sai na saci kallon gefen katangar makaranta. Na ƙudurta cewa in ta dasa, to ban yi ƙarya ba. Mako ya wuce, wata ya wuce, wurin yana nan fayau. Wata 'yar ajinmu ta tambaye ni ina furannin masu dariya, sauran suka tuntsire. Na daina ɗaga hannu a aji. Rubutuna na gaba a kan falalar tsafta na yi shi, kamar kowa. A gida ma na koma yin alwala a bayan ɗaki, Kaka tana bi na da ido.

Bayan rasuwar Kaka da shekaru, ina da 'ya'yana, na ga ƙaramarsu tana ƙoƙarin karya reshen kariyar, Inna mahaifiyata ta fizge hannunta. Ta ce ruwan jikin kariya dafi ne, a can gida ƙasar Hausa da shi ake shafa wa kibiya. Shi ne abin da Kaka take ta nanata wa Abla ran nan, har ta sa ta rantse ba za ta dasa inda yara suke ba. A soron gidanta Abla ta dasa rassan, kuma Inna ta ce duk bazara takan aiko wa Kaka furen farko.