Baba Yekini, Mai Gyaran Wayales na Nasarawa Gwom

Ƙarfe bakwai na safe Baba Yekini yake buɗe shagonsa a Nasarawa Gwom. Kafin ya tayar da janareta sai ya fito bakin titi ya ɗaga kai ya duba eriyar da ke kan rufi, ko iska ta karkatar da ita. Shekara tara yana haka. Ɗalibai da 'yan kasuwa suna kawo masa laftof suna cewa, "Oga, intanet ɗin nan ba ya motsi." Ba ya saurin ɗora wa kamfani laifi. Sai ya matso da na'urar kusa da akwatin wayales, ya kashe manhajojin da ke shanye sabis a ɓoye, ya nemi bairos. Wani lokacin gyaran minti biyar ne, kuma haka zai faɗa maka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne kwana shida bayan rikicin Jos na Nuwamban 2008. Hussaina, telar da ke maƙwabtaka da shi, ita ta gani da idonta. Wuta ta ci rabin shagon, eriyar ta lanƙwashe. Sai ga wata mata Kirista daga Bukuru, sunanta Gertrude, rungume da laftof ɗin ɗanta Badung, wanda ya fita ranar Juma'a bai dawo ba. Wata ƙungiyar agaji tana karɓar hotunan waɗanda suka ɓata ta imel, kuma hotonsa na kwanan nan yana cikin na'urar.

Sabis layi ɗaya ne tak. Sau huɗu hoton yana kaiwa rabi ya tsaya. Ana cikin haka samari suka taru a ƙofa.

"Baba, me wannan take yi a unguwarmu?" in ji ɗayansu.

"Ɗanta take nema," in ji Baba Yekini. "Wanda zai taɓa ta, ya fara da ni. In ba haka ba, ku riƙe mini tsani."

Biyu suka riƙe. Ya hau rufin da ya ƙone, yana da shekara hamsin da takwas, ya miƙar da eriyar da hannu har kwano ya yanke shi. Ya sauko ya gano na'urar tana sauke wasu sabuntawa da ke cinye ɗan sabis ɗin, ya tsayar da su, ya rage girman hoton. Saƙon ya tafi.

Bayan kwana uku amsa ta zo. An ga Badung a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti, cikin waɗanda za a binne ba suna. Gertrude ta ɗauko ɗanta ta binne shi a garinsu. A cikin makon Baba Yekini ya aika hotunan mutum goma sha ɗaya da suka ɓata. Biyu kawai aka samu da rai.

Baba Yekini, kai ne wanda bai tambayi addinin mai kuka ba. Yanzu idonka ya raunana, ƙarshen watan nan za ka rufe shago. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku masu sana'a a Jos, garin ya rabu gida biyu, kowa yana tsoron tsallaka titi. Duk wanda ya yi ƙarfin halin tsallakowa ya zo ƙofarku, ku ba shi kujera ku yi masa aikinsa.