Minti Goman Kawu Mai Famfo

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, mai gyaran famfo, shekara talatin da ɗoriya yana wannan sana'a. A unguwa Ina-Zuwa ake kiransa, don ita ce amsarsa ga kowa: mai gidan da bututunsa ya fashe, matarsa in ta ce abinci zai huce, har wanda ya yi masa sallama a hanya. Ban taɓa ganin ya ci abinci a zaune ba. A tsaye yake ci, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, sifana tana leƙowa daga aljihun baya.

Wata rana yana saukowa daga gyaran tankin ruwa jiri ya ɗebe shi a kan tsani. Allah ya taƙaita, taku uku ya rage masa ya sauka. Mama ta kira ni ta ce, "Ke ce mai haƙuri, ki kai kawunki asibiti." Har yau ban san wanda ya gaya mata ina da haƙuri ba.

Likita ta auna shi sau biyu, ta ce jininsa ya hau sosai. Ta rubuta magani, sannan ta miƙo wata takarda mai tambayoyi kashi uku: na jiki, na tunani, da na zuciya da ibada. Ta ce ya amsa tsakaninsa da Allah. Kawu ya bar tabaransa a cikin akwatin kayan aiki, don haka ni na zauna a benci ina karanta masa.

"Awa nawa kake barci?"

"Lafiya lau."

"Kawu, lamba ake so."

"To rubuta abin da mutane suke rubutawa."

"Kana yawan fushi?"

"Ni? Wa ya ce ina fushi?" Ya faɗa da ƙarfin da sai da duk masu jiran layi suka waiwayo.

Haka muka yi ta ja har muka kai kashi na uku. Na karanta, "Yaushe rabonka da samun natsuwa a ibadarka?" Sai ya dubi farcensa.

"Tsallake wannan," in ji shi.

Daga nan wata nas ta shigar da shi wani ɗaki marar hayaniya, ta koya masa abin da zai riƙa yi kullum: ya zauna, ya saki kafaɗu, ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya sake shi ta baki. Minti goma kacal, ba waya, ba magana. Muka ja masa ƙofa muka fito. Ba a yi minti biyar ba na ji ƙarar ƙarfe. Na tura ƙofar, sai ga ƙafafun Kawu sun miƙo daga ƙarƙashin wurin wanke hannu.

"Ɗiga yake yi," ya ce daga can ciki. "Yaya mutum zai huta ruwa yana ɗiga a kansa?"

Nas ɗin ta yi godiya tana dariya. Ni kuwa ji na yi kamar in bar shi a nan in kama hanya.

Mama ta yanke cewa kullum in na tashi daga aiki in biya ta gidansa in tsare shi har ya cika minti goman. Ranar farko waya ta yi ƙara, ya ɗauka. Rana ta biyu na kashe wayar, sai maƙwabci ya buga ƙofa wai banɗakinsa ya toshe. Rana ta uku ya ce kujerar tana sukar masa baya. Na kawo matashi. Ya rufe ido, ya ja numfashi kamar mai hura wuta, can ya buɗe ido ɗaya.

"Nawa yanzu?"

"Ɗaya da rabi."

"Agogonki ba daidai yake ba."

A sati na biyu na kai maƙura. Na ce masa, "Kawu, mota biyu nake hawa kafin in iso nan. 'Ya'yana suna can suna jirana. Ba a ce ka ɗauki dutse ba, zama kawai aka ce ka yi! In ka fi son ka sake faɗowa daga kan tanki, bismillah, amma kada a kira ni." Matarsa da ke tsaye a bakin ƙofar kicin ta dafe baki, don ban taɓa ɗaga masa murya ba.

Na zaci zai kore ni. Sai ya sunkuyar da kai.

"'Yata, tambayar nan da na ce ki tsallake," ya ce. "Ɗazu a la'asar ban san raka'a nawa na yi ba. Ina ruku'u ina auna tsawon bututun gidan wani. Na fi shekara goma a haka. In na zauna shiru, abin da yake taso min ke nan. Shi ya sa ba na son zaman."

Ya zaro wayarsa ya miƙa wa matarsa, ya ce ta kai ɗaki ta rufe. Ranar ya yi minti huɗu. Sai da muka ci wata biyu kafin ya cika goma, kullum da ƙorafi. Da muka koma asibiti likita ta ce jinin ya sauka, amma ya ci gaba da magani. A hanyar dawowa ya ce min yanzu yakan idar da salla ya san abin da ya karanta, ba kullum ba dai, amma yakan yi.

Na ɗauka na huta. Ashe Kawu ya zama malamin numfashi. Ya koya wa mai sayar masa da bututu, ya koya wa direban bas, ya ce wa Mama yadda take zama ne yake sa mata ciwon wuya, har ta yi kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa.

Watan jiya bututun kicin ɗina ya fashe da rana tsaka. Na kira shi ruwa yana min iyaka idon sawu.

"Kawu, ka yi sauri, ruwa ya shiga falo!"

"Ji muryarki. Saki kafaɗunki tukuna."

"Kawu!"

"Fita waje ki murɗa babban makunnin, ruwan zai tsaya. Yanzu na zauna, ba na katsewa."

Ya kashe wayar. Na fita na murɗa, ruwan ya tsaya. Ya iso bayan rabin awa, fuska a sake, ya tarar da ni da bokiti da tsumma ina matse kafet. Ya ajiye akwatinsa, ya ƙare min kallo, ya ce shi dai a ganinsa ya kamata in je a auna jinina.