Kawu Ɗanlami Mai Raina Ƙofofi

Duk wanda ya taɓa shiga wani wuri tare da Kawu Ɗanlami ya san ba a shiga kai tsaye. Sai ya ja ya tsaya, ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ya ɗaga kai, ya taɓe baki, sannan ya ce, "Hm. Taga ce." Ƙofar masallacinmu taga ce. Ta kotun cikin gari ma taga ce. Mutumin da ya tsufa yana kafa wa mutanen Greensboro ƙofofi, amma bai taɓa yarda cewa ya kafa ko guda ba!

Ku yi haƙuri in maganata ta yi ta karkacewa. Kwana huɗu ke nan da saukowata daga jirgi, har yanzu in na rufe ido sai in ji ƙasa tana lilo da ni. Kawu ne ya jawo mini kuwa, don haka dole in ba da labari.

Tun yana saurayi a zangon Kumasi ya je aikin hajji, a hanyar dawowa ya ratse Masar, ya gangara har Luksor, ya ga ƙofar tsohon ɗakin bautar Fir'aunoni da ake kira Karnak. Daga ranar sauran ƙofofin duniya suka shiga uku. Greensboro ɗin nan ma, ya ce ya zaɓe shi ne don ya ji ana yi masa kirari da birnin ƙofa. Yana sauka ya hau tambaya, "Ina ƙofar take?" Aka kai shi titin Gate City Boulevard, ya dubi 'yan sayar da motoci hagu da dama, ya ce, "An cuce ni."

Akwai wata baturiya a unguwar Irving Park da ta yi odar wata shirgegiyar ƙofa, sai da mutum huɗu suka kama. Da Kawu ya gama kafawa ta tsaya tana murmushi.

"Mista Dan, ka taɓa ganin irinta?"

"Madam, tagarki ta yi kyau."

Baiwar Allah ta ɗauka Turancin ne ya ƙwace masa, ta ce a hankali, "A'a, ƙofa ake cewa."

Ya ce, "Madam, na san abin da ake cewa."

To, ku zo ga hoton da aka ɗauke shi a Karnak. Shaidarsa ke nan guda ɗaya tal, don fim ɗin kyamararsa saura ɗauka ɗaya, shi kuwa Kawu ba zai sayi sabo ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Ya miƙa wa wani bature, ya ce lallai ƙofar ta fito duka. Bature ya yi ta ja da baya. Abin da ya fito, katangu biyu ne har sama, sai wani ɗan farin ɗigo a gindinsu.

Amininsa Malam Isuhu, mutumin Maraɗi mai yawan cewa "Bon", wato "to" a Faransanci, shi ne bala'insa. Duk Juma'a bayan salla sai Kawu ya fito da hoton nan.

"Ga ni nan."

"Ina?"

"Nan mana! Ga hulata."

Sai Malam Isuhu ya sa bakin riga ya murza wurin. "Bon, Ɗanlami, wannan kashin ƙuda ne. Katin gaisuwa ka saya a tasha. Kuma me ya kai alhaji gidan Fir'auna?"

"Aikin magina na je dubawa, ba gaisuwa na kai masa ba!"

Mu dai dariya muke yi. Sai da ya kwanta a asibiti na gane abin yana cin sa. Ya sa aka kira ni, ni Jummai, wadda kun san ba na hawa lif, in na hango karen maƙwabta kuma sai in koma gida in sake shiri.

Ya ce, "Ke za ki je Karnak."

"Kawu, ni? Duk ga su Yaya nan?"

"Waɗancan fuskarsu za su je ɗauka. Ke tsoro zai sa ki ɗaga kai." Ya huta, sannan ya ce, "In kin shiga, ki juya dama ki dubi bayan katangar. Maginan sun bar tulin tubalin laka da suka taka suka hau, ba su kwashe ba. Wannan ba ya cikin katin gaisuwa. Kada in tafi Isuhu yana ganina maƙaryaci." Har na fara hawaye sai ya ƙara da cewa, "Magina ko'ina halinsu ɗaya, ba sa kwashe shararsu."

Bana, bayan rasuwarsa, da Anti Rabi, matarsa, ta tashi zuwa umara, ta ce ƙafarta ƙafata, kuma ta Masar za mu dawo. Kada ku tambaye ni jirgi. Hannun wata mata da ban sani ba na riƙe, har sai da ta ce in canza ɗayan, wannan ya sage.

Amma jirgi wasa ne. A Karnak sai ka bi ta tsakanin wasu raguna na dutse, a jere suna kallonka, sannan ka iso. Wayyo Allah! Na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa, mayafina ya zame ban kai ƙarshenta ba. Ba ta da ƙyaure ma, fili ne kawai tsakanin duwatsu biyu, tsuntsaye suna yawo can sama kamar sauro. Na rantse gani na yi tana sunkuyowa kaina.

Anti Rabi ta dungure ni. "Wuce mana! Tun zamanin Fir'auna ba ta faɗi ba, sai yau don ta ga Jummai?"

Na runtse ido na kutsa da gudu, ina karanto duk addu'ar da na iya har da ta cin abinci. Na juya dama. Ga shi nan. Tulin tubalin laka jingine da katanga, yadda suka bar shi. Na durƙusa a wurin ina kuka ina dariya, turawa suna kewaye ni.

Da muka fito Anti ta ce in tsaya a gindin ƙofar. Ta ɗaga waya ta yi ta ja da baya, har ta kusa zama a kan rago.

Jiya muka je gidan Malam Isuhu. Na fara nuna masa hoton tubalin a waya. Na nuna masa nawa hoton. Ya gyara tabarau, ya sa bakin riga ya murza fuskar wayar.

"Ina kike?"

"Ga ni nan, Baba. Ga mayafina."

Anti Rabi ta ajiye tsohon hoton kusa da wayar. Ɗigo nan, ɗigo nan, wuri ɗaya. Ya daɗe yana kallo.

"Bon," ya ce, "ƙudan Masar dai suna da yawa." Sai ya ɗora yatsa a kan tsohon ɗigon, wannan karon bai murza ba. "Ashe ka je, ɗan rigima. Ga hularka nan."

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya yafe masa, mu ma ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Ya Allah, ka buɗe masa ƙofar nan taka, wadda in ya ɗaga kai ya duba ba zai sami abin cewa ba, sai dai ya yi sallama ya shige. Amin.